An ce min "wasan yara ne": dokar hana cin zali a makaranta tana aiki kuwa?

Maman_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar malamai da iyayen da ke wannan zaure. 'Yata ta fari shekararta 11, tana da in'ina tun tana ƙarama. Tun farkon zangon nan wasu yara huɗu a ajinsu suka sa ta a gaba. Da ta buɗe baki za ta amsa tambaya sai su hau kwaikwayonta, aji ya kwashe da dariya. Sun laƙaba mata suna, sun hana sauran yara zama kusa da ita. Yarinyar da ke riga kowa shiri da safe, yanzu kullum sai ta ce cikinta na ciwo. Sai da na yi mako uku ina lallashi kafin ta faɗa min.

Na je makarantar. Malamar ajinsu ta ce wasan yara ne, zai wuce. Shugaban makaranta ya buɗe littafin dokokinsu ya nuna min layi ɗaya da ya ce makaranta ba ta yarda da cin zali ko nuna wariya ba. Na ce to idan an yi fa, me ke biyo baya? Ya ce za su duba. Yau kwana 16 ke nan.

Wannan doka da makarantu ke rubutawa tana da amfani kuwa, ko don a nuna wa iyaye ne ranar rajista? Idan kuma ana son ta yi aiki, me ya kamata ta ƙunsa?

Abu_Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi Hajiya. Amma gaskiya dukkanmu mun sha tsokana a makaranta, ga mu kuma mun girma. Ki koya mata ta rama. Ran da ta tsaya ta nuna musu ba ta jin tsoro, za su ƙyale ta. Takarda ba ta hana yaro tsokana.

Malama_Firamare:
Malam Abu_Sultan, tsokana daban, cin zali daban, kuma rashin rarrabe su ne ya sa malamar can ta ce wasa ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Dan Olweus, wanda ya yi aikinsa a jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe, ya kawo alamomi uku da har yau ake amfani da su: ana yi ne da niyyar cutarwa, ana maimaitawa, kuma ƙarfin ɓangarorin biyu bai zo ɗaya ba. Ƙarfin ba lallai na jiki ba ne, yana iya zama na yawa ko na farin jini a cikin aji. Ka auna da labarin Maman_Biyu. Huɗu ne a kan ɗaya, zango guda ana abu ɗaya, kuma abin da suke kama ta da shi ba abin da za ta iya sauyawa ba ne. Ta rama da wane bakin, alhali bakin ne ake yi wa dariya?

Norwe ma ba haka kawai ta tashi tsaye ba. Wasu yara maza uku ne a arewacin ƙasar suka halaka kansu bayan tsangwamar da suka sha, shi ya sa a 1983 gwamnati ta ƙaddamar da gangami a duk makarantu. A makarantu 42 na Bergen da Olweus ya bibiya, cin zalin ya ragu da kusan rabi. Sai dai ba layi ɗaya suka rubuta suka rufe littafi ba. An horar da malamai, an ƙara sa ido lokacin tara, an riƙa zama da iyaye.

FarinWata:
Yaya Abu_Sultan, ka ce mun girma. Waɗanda suka iya jurewa ne kake gani, waɗanda suka bar karatu ba sa nan balle su ba ka amsa. Ni zabiya ce. Babu sunan da ba a kira ni da shi ba, amma abin da ya fi ci min rai ba sunayen ba ne. Idona ba ya hango allo daga nesa, kuma ana zaunar da mu ne bisa tsayi, sai na faɗa layin baya. Na roƙi a mayar da ni gaba, malamin ya ce ba zai fifita kowa ba. Shekara biyu ina kwafar rubutu daga littafin wata ƙawata, har aka sa ni cikin daƙiƙan aji. Shi a ganinsa adalci ya yi, tunda ya yi wa kowa daidai.

Shi ya sa nake so duk mai rubuta irin wannan doka ya sani, wariya ba zagi kawai ba ce. Hana yaro abin da yake bukata don ya yi karatu kamar kowa, ita ma wariya ce. Kuma a ambaci abubuwan da sunansu a cikin dokar: nakasa, launin fata, ƙabila, addini, jinsi, talaucin iyaye, yanayin magana. Idan ba a ambata ba, kowane malami zai fassara yadda ya ga dama.

Ummu_Hanif:
FarinWata, wallahi labarinki ya sa ni hawaye. Allah ya saka miki. Ina koyarwa, kuma gobe zan sake duba yadda na zaunar da yaran ajina.

Tsohon_Firinsifal:
'Yata Maman_Biyu, na riƙe makaranta shekaru da dama kafin na yi ritaya, kuma na taɓa zama a kujerar wanda ya ce miki za su duba. Abin da ya nuna miki buri ne, bai kai doka ba. Dokar da ke aiki ita ce wadda yaro ɗan shekara 10 zai iya faɗa miki da ka: wa zan gaya wa, me zai yi, zuwa yaushe.

Dole a samu mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin karɓar ƙorafi, da wani na biyu, mace da namiji, saboda wataƙila na farkon ne yaron ke tsoro. Dole a sa wa'adi, a ce cikin kwana kaza za a kira iyaye, cikin kwana kaza a kammala bincike. Kuma a rubuta komai a rajista. Wannan na ƙarshen shi ne wanda shugabanni suka fi gudu, domin rajistar da ta cika tana sa makaranta ta yi kama da mai matsala. Ni kuwa makarantar da ta ce min shekara guda ba ta samu ƙorafi ko ɗaya ba, ita na fi ji wa tsoro. Ba rashin cin zali ba ne, yara ne suka gane faɗar ba ta da amfani.

Babban kuskuren da na yi a farkon aikina shi ne haɗa wanda aka zalunta da wanda ya yi zaluncin a ofis, in ce su gaisa su yafe wa juna. Wannan maganin faɗa ne tsakanin tsara biyu masu ƙarfi ɗaya. Idan cin zali ne, ƙaramin zai ce ya yafe saboda tsoro, babban kuma ya fita da sanin wanda ya kai ƙararsa. Wani yaro da na yi wa haka, a daren ranar aka tare shi a ɗakin kwana. Har yau abin yana damuna. Daga nan na koma ganin kowa shi kaɗai, na sa a rubuce cewa ramuwa a kan wanda ya kai ƙara laifi ne mai zaman kansa, na kuma riƙa komawa ga yaron bayan mako biyu in tambaye shi ko an daina.

Wani abu da ya taimake ni ƙwarai: na raba wa ɗalibai taswirar makaranta, ba tare da sun rubuta suna ba, na ce kowa ya sa alama a inda ba ya son wucewa shi kaɗai. Bayan gida, bayan ɗakin gwaje-gwaje, bakin ƙofa lokacin tashi. Duk wuraren da babu malami ne.

Malam_Lissafi:
Baba Firinsifal, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma a ji ta bakinmu mu ma. Ajina yara 68 ne. Ina juya baya ina rubutu a allo, abin da zai faru ya faru cikin daƙiƙa biyu, na juyo kowa ya yi shiru. A duk karatun koyarwa da na yi ba a taɓa ware mana ko awa ɗaya a kan yadda ake binciken irin wannan ba. Sannan idan ka hukunta ɗan wani mai faɗa a ji, washegari uban na ofis, kai ne za a ce ka ba da haƙuri. Malamar da ta ce wasan yara ne ta yi kuskure, ban kare ta ba. Amma dokar da ba ta kare malamin da ya ɗauki mataki ba, malamai za su ci gaba da kawar da kai.

Lauya_Mace:
Hajiya Maman_Biyu, abu na farko: ki daina zuwa da baki kawai. Ki rubuta takarda. Ki jera abin da ya faru da ranakun da kika iya tunawa, da ranar da kika ga malamar, da ranar da kika ga shugaban, da abin da kowanne ya ce. Ki nemi amsa a rubuce cikin wa'adin da kika ambata, ki sa a sa miki hannu a kwafinki. Magana iska ce, amma takarda tana tabbatar da cewa makaranta ta sani.

Wannan sanin yana da nauyi a shari'a. A Amurka a 1999 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wata yarinya 'yar aji biyar a jihar Jojiya, wadda wani ɗan ajinsu ya yi watanni yana cin zarafinta ta hanyar batsa, uwar tana kai ƙara ba a yin komai. Kotun ta ce ana iya kama hukumar makaranta da laifi idan ta sani ta yi biris da gangan, kuma abin ya yi tsananin da ya hana yaro cin moriyar karatunsa. Dokokin ƙasashe sun bambanta, don haka ki duba ta inda kike. Amma kusan duk ƙasashen duniya sun amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989. Sashe na 19 ya wajabta kare yaro daga duk wani nau'in cutarwa, ta jiki ko ta tunani, a hannun duk wanda ke kula da shi. Sashe na 2 ya hana wariya, sashe na 12 kuma ya ce a saurari ra'ayin yaro a abin da ya shafe shi. Saboda haka ki tambayi yarinyar me take so a yi kafin ki miƙa takardar.

Abu_Sultan:
To na ji, na janye maganar ramuwa, FarinWata ki yi haƙuri. Amma idan haka ne a daina dogon bayani. Duk wanda aka kama a tsaya gaban asembili a zane shi, ya sake a kore shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mai_Nazari:
Akwai ƙasashen da suka bi hanyar tsanani, Malam Abu. Faransa a 2022 ta mayar da cin zali a makaranta laifin da kotu ke hukuntawa, har ɗaurin shekara 3, ya kai 10 idan wanda aka zalunta ya halaka kansa ko ya yi yunƙuri. Amurka kuma ta daɗe da gwada tsarin da ke cewa laifi kaza hukuncinsa dakatarwa ko kora, babu duba dalili. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasar ta kafa kwamiti ya duba, rahoton da aka buga a 2008 bai samu hujjar cewa tsarin ya sa makarantu sun fi zaman lafiya ba, sannan hukuncin ya fi faɗawa kan baƙaƙen fata da masu nakasa. Wato dokar da aka yi don kare yara ta koma hanyar wariya.

Akwai kuma illar da ba a cika lura da ita ba. Idan yara sun san cewa kai ƙara na nufin a kori ɗan ajinsu, da yawa za su yi shiru, har da wanda ake zalunta, don kada a ce shi ya jawo. Duka a gaban asembili kuwa darasin da yake koyarwa shi ne mai ƙarfi yana da ikon wulaƙanta marar ƙarfi a gaban jama'a, wanda shi ne ainihin abin da ake son a hana.

Na_Tuba:
Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Ni ina cikin masu yi. Akwai wani yaro a ajinmu mai ɗingishi, ni ne nake bin bayansa ina kwaikwayon tafiyarsa. Ba tsanarsa nake yi ba, dariyar da aji ke yi ce take min daɗi. An zane ni sau biyu a kansa, kowane duka ƙara min suna ya yi a wajen abokai, shi kuma ya ƙara shan wuya.

Abin da ya tsayar da ni wata yarinya ce da kowa ke ganin girmanta a ajin. Ran nan na fara, sai ta tashi ta ɗauki jakarta ta koma kusa da shi ta zauna, ba ta ce min uffan ba. Wasu biyu suka bi ta. Na waiga babu mai dariya. Ban sake ba. Na neme shi bayan shekaru na roƙi gafara, ya ce ya yafe, amma ya gaya min ba ni ne ya fi tunawa ba, waɗanda yake ɗauka abokansa ne suna dariya su ya kasa mantawa.

Malama_Firamare:
Na_Tuba, Allah ya karɓi tubanka. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Abin da ka bayyana shi ne ginshiƙin shirin KiVa na ƙasar Finland, wanda Farfesa Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a jami'ar Turku, aka fara yaɗa shi a makarantun ƙasar a 2009. Bincikenta ya nuna kusan kowane yaro a aji yana da rawar da yake takawa: akwai mai taya wa, akwai mai zugawa da dariya, akwai mai kawar da kai, akwai mai karewa. Mai cin zali matsayi yake nema a idon 'yan kallo. Sai shirin ya fi mayar da hankali a kan 'yan kallon, da darussa a aji, tare da wasu malamai ƙalilan da aka ware su riƙa karɓar kowane ƙorafi suna bibiya. Wannan ma amsa ce ga Malam_Lissafi. Ba za ka iya ganin yara 68 ba, amma su suna ganin juna.

Ƙanwar_Kowa:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Duk maganar yara da yara ake yi. Idan malami ne fa? Ina aji biyar na sakandare wani malami ya riƙa kirana ofis bayan tashi, yana min maganganun da ba su dace ba, da na ƙi zuwa sai makina ya faɗi. Littafin dokokinmu cewa ya yi a kai ƙorafi wajen malamin aji. Shi ne malamin ajin. Ban faɗa wa kowa ba har na gama. Don Allah duk dokar da za a rubuta ta haɗa da ma'aikata, ta hana malami keɓewa da ɗalibi a rufaffen ɗaki ko tura masa saƙo a ɓoye, kuma a samar da hanyar kai ƙara da ba ta biyo ta hannun wanda ake ƙara ba.

Lauya_Mace:
Ƙanwata, ba ki kauce ba ko kaɗan, kuma ba laifinki ba ne da kika yi shiru. Wannan ya wuce kwamitin ladabtarwa. Doka mai kyau tana faɗa ƙarara cewa irin wannan zargi ana miƙa shi ga hukumomin da ke wajen makaranta, kuma a janye malamin daga hulɗa da ɗalibai har a gama bincike. Sauya masa makaranta a asirce miƙa shi ne ga wasu yaran.

Baban_Yara:
Wani ɓangaren kuma waya. Ɗana an buɗe rukuni a WhatsApp na 'yan ajinsu, aka ɗauki hotonsa yana barci a aji aka riƙa yawo da shi da rubutun cin mutunci. Makaranta ta ce da dare aka yi, a gida aka yi, ba ruwanta. Amma da safe ai aji ɗaya zai shiga da su. Mu a da idan an tashi an huta, su yanzu abin har cikin ɗaki yake bin su.

Mai_Nazari:
Baban_Yara, wasu ƙasashe sun toshe wannan ƙofar. A Ingila dokar ilimi ta 2006 ta wajabta wa shugabannin makarantun gwamnati ɗaukar matakan hana kowane irin cin zali, ta kuma ba su damar hukunta abin da ɗalibi ya yi a wajen makaranta gwargwadon hankali. Japan a 2013 ta yi doka bayan rasuwar wani ɗalibi ɗan shekara 13 a garin Otsu a 2011, ta haɗa da abin da ake yi ta intanet, kuma ma'auninta shi ne ko yaron da aka yi wa ya ji ciwo a jiki ko a rai. Da wannan ma'aunin babu malamin da zai ce wasa ne ya rufe magana. Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken, kuma kamannin jiki ne dalilin da yara suka fi ambata.

Hajiyar_Gida:
Ni dai Maman_Biyu, da 'yata ce cire ta zan yi. Kafin a gama rubuta takardu da zaman kwamiti yarinya ta gama lalacewa. Lafiyarta ta fi komai.

FarinWata:
Hajiya na fahimce ki, kuma idan abin ya kai ga haɗari a cire ta. Amma ni an sauya min makaranta sau ɗaya, abin da na ɗauka a raina shi ne ni ce matsalar, tunda ni na tafi su suka zauna. Kuma fatata ta bi ni sabuwar makarantar, kamar yadda in'ina za ta bi wannan yarinyar. A tambaye ta tukuna.

Maman_Biyu:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, na karanta kowane saƙo, wasu sau biyu. Na bi shawarar Lauya_Mace. Na zauna da yarinyar na tambaye ta me take so. Ba ta son a kori kowa, ba ta son a sauya mata makaranta saboda tana da ƙawa ɗaya da ba ta guje ta ba. Abin da ta roƙa biyu ne: a daina kwaikwayonta, kuma malama ta riƙa jiran ta ta ƙarasa magana, domin ashe idan ta maƙale malamar kan wuce ga wani yaro, a nan ne dariyar ke ɓarkewa. Wannan ban sani ba sai jiya.

Na kai takardar yau da safe, an sa hannu a kwafina. Shugaban ya ce za a zauna ranar Alhamis, kuma na faɗa masa ban yarda a haɗa ta da yaran a ɗaki ɗaya ba, kamar yadda Baba Firinsifal ya ja hankali. Ya kuma ce idan ina da shawara kan gyara dokar in kawo a taron iyaye da malamai. Ban sani ba ko da gaske yake.

Tsohon_Firinsifal:
Ki kai, 'yata, ko da gaske yake ko ba da gaske ba. Ki nemi wasu iyaye biyu ko uku ku je tare, kuma ku nemi a ji ta bakin ɗalibai kafin a rubuta komai.

Malam_Lissafi:
Maganar jiran yaro ya ƙarasa ta tsaya min a rai, domin akwai mai in'ina a ɗaya daga cikin azuzuwana kuma ina ganin ni ma na sha wuce shi don sauri. Malama_Firamare, idan ya maƙale a tsakiyar kalma, shiru zan yi in jira ko in taya shi ƙarasawa? Hajiya, ko za ki tambayar min 'yarki wanne ta fi so?